Akawun Tashar Auna Yanayi Ya Yi Ɓatan Dabo A Cikin Gida

A wata unguwa da ke bayan garin Zariya akwai wani dattijo, tsohon malamin gona, wanda ya yi shekara da shekaru yana aikin gwamnati kafin ya ajiye. Tun yana cikin aiki ya saba da wata al'ada, watau kowace safiya ta damina sai ya je ga ma'aunin ruwan sama, ya tsiyaye abin da ya taru a cikin kwalba mai zane, ya rubuta adadin a littafi. Da ya bar aiki bai bar al'adar ba, har dai 'ya'yansa suka ga tsufa ya fara hana shi sammako, suka haɗa kuɗi suka sayo masa wata 'yar tashar auna yanayi irin ta zamani, wadda ke yin awo da kanta dare da rana. Aka kafa ta a bisa dogon ƙarfe a bayan gida, aka ajiye tsohon ma'aunin a ɗakin shirgi. Manoman unguwar kuwa ba su fasa zuwa zaurensa ba a duk farkon damina, suna tambaya ko ruwan da ya sauka ya isa a yi shuka.

Ana nan sai ruwan farko mai ƙarfi ya zo da dare, da iska da tsawa. Wuta ta yi wani irin fizga kafin a ɗauke ta, gari ya waye rautar gidan ta ƙone, watau ɗan akwatin nan da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida. Aka sayo sabuwa aka jona. Wayoyin yara suka kama, kwamfuta ta kama, kowa ya koma harkarsa. Allon tashar da ke jikin bangon ɗakin dattijon yana nan yana nuna zafi da sanyi da gudun iska kamar kullum, saboda haka bai kawo komai a ransa ba. Sai da aka kwana goma sha ɗaya, ran da ya zauna zai kwafe lissafin ruwa cikin littafinsa, sa'an nan ya tarar da cewa kwamfutar ba ta karɓi ko layi guda ba tun daren tsawar nan. Manhajar tana faɗin abu ɗaya, wai ta nemi tasha ba ta same ta ba.

Irin wannan matsala ba ta dattijon nan ce shi kaɗai ba. Duk makarantar sakandare ko sashen jami'a ko ofishin gona da ya mallaki irin wannan tasha, ko ba daɗe ko ba jima zai gamu da ita, kuma yawanci ba lalacewa na'urar ta yi ba, adireshinta ne ya ɓace.

Sassa uku na tasha

Tashar auna yanayi ta gida kashi uku ce. Kashi na farko shi ne wanda ke waje yana shan rana da ruwa. A jikinsa akwai 'yan kofuna uku masu juyawa don auna gudun iska, da kibiya mai nuna inda iskar ta fito, da ma'aunin zafi da na laima waɗanda aka ɓoye a cikin wasu fararen faranti don kada rana ta buge su kai tsaye. Akwai kuma mazurari wanda ke tara ruwan sama ya zuba shi a kan wani ɗan cokali da ke rinjaya kamar sikeli. Duk sa'ad da cokalin ya cika sai ya kife, na'ura ta ƙidaya ɗaya. A yawancin tasoshin da ke aiki da milimita, kifewa ɗaya daidai take da milimita 0.2 na ruwa. Kada mai karatu ya raina wannan adadi, domin milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, watau lita 10,000 ke nan a kadada guda.

Kashi na biyu shi ne allon da ke cikin ɗaki. Na waje yana aiko masa da labari ta rediyo. A tasoshin kamfanin Davis na Kalifoniya ta ƙasar Amurka, irin wadda dattijon ke da ita, saƙon yana zuwa kowane daƙiƙa biyu da rabi, kuma yana iya cin nisan mita 300 idan babu gini a tsakani. Wannan rediyo ba ruwanta da rauta ko intanet, shi ya sa allon dattijon ya ci gaba da nuna komai lafiya lau.

Kashi na uku shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, ga shi kuwa shi ne mai riƙe da amana. Wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, ana soke ta a bayan allo, aikinta ajiye bayanai. Idan allo shi ne mai shela, to, ita ce akawu. Bayan kowane ɗan lokaci da aka ƙayyade mata sai ta rubuta layi guda, da kwanan wata da sa'a, da zafi mafi tsanani da mafi sauƙi, da ruwan da ya zuba, da iskar da ta kaɗa. Daga jikinta waya ke fita zuwa rauta, ta nan ne kwamfuta ke zuwa ta kwashe abin da aka rubuta, ta nan ne kuma ake aikawa da shi intanet.

Amma littafin wannan akawu yana da iyaka. Na'urar Davis tana ɗaukar layi 2,560. Idan an sa ta rubutu kowane minti 30, za ta yi kwana 53 kafin ta cika. Idan kowace sa'a biyu ne, za ta haura wata shida. Idan kuwa kowane minti 5 ne, kamar yadda dattijon ya zaɓa don yana son sanin ƙarfin zubar ruwa, to, kwana 8 da sa'a 21 kawai take da su. Kuma in ta cika ba ta tsayawa, ba ta kuka, sai ta koma shafin farko ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kansa. Ashe ke nan duk minti biyar da ya wuce ba a gano ta ba, layi guda na farkon damina yana salwanta.

Me ya sa rana ɗaya take da daraja

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan lissafin kwana biyu ko uku. Amsar tana wurin masana aikin gona. A cikin 1988 wani masani mai suna M. V. K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, ya fito da wata ƙa'ida ta gane faɗuwar damina a ƙasashen Sahel da Sudan. Bisa ga ƙa'idar, ana cewa damina ta faɗi idan bayan 1 ga watan Mayu aka sami ruwan da ya kai milimita 20 a cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami fashin ruwa na fiye da kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Mai son ya yi aiki da wannan ƙa'ida tilas ya kasance da lissafin kowace rana, ba giɓi. Rana ɗaya ta ɓace a wurin da bai kamata ba, to, ba za a iya faɗin ranar da daminar wannan shekara ta fara a wannan wuri ba, har abada.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin darajar irin wannan rubutu. An fara ajiye lissafin yanayi a Ikko tun ƙarshen ƙarni na 19, a Kano kuwa tun farkon ƙarni na 20. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana cikin wuraren da lissafinsu ya yi tsawo. Saboda waɗannan littattafai ne aka iya cewa ruwan da Kano ta samu a 1973 kusan rabin abin da ta saba samu ne, ba don haka ba da sai dai a ce an yi fari, kowa ya faɗi nasa kintacen. Farin nan na 1972 zuwa 1974 shi ya sa ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai a 1974. A Nijeriya kuma dokar 2003 ce ta kafa Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina kowace shekara.

Duk da haka tasoshin hukuma ba su wadatar ba. Yawancinsu suna filayen jirgin sama da manyan garuruwa, alhali kuwa kowane manomi ya san ruwan damina yana iya sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba da shi. Wannan giɓi ne ya sa wasu malaman jami'a biyu, Nick van de Giesen na Delft a ƙasar Holan da John Selker na Oregon a Amurka, suka ƙirƙiro shirin TAHMO da burin kafa ƙananan tasoshi 20,000 a Afirka, da yawansu a harabar makarantu. Tashar da ke bayan gidan tsohon malamin gona ba za ta maye gurbin ta hukuma ba, amma a unguwarsu ita kaɗai ce shaida.

Lambar gida da sunan yanka

Ɗan autan dattijon ɗalibi ne a jami'a, shi aka kira ya zo ya duba. Abin da ya fara yi shi ne bin waya da hannu daga bayan allo har zuwa rauta, ya tabbata tana soke, ya kuma ga 'yar fitilar da ke bakin ramin tana ƙyaftawa. Wannan ya nuna masa na'urar tana da rai. Mutane da yawa sukan tsallake wannan mataki su shiga bincike mai zurfi, daga baya a tarar ɓera ne ya ci waya.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, sai a ɗauki hanyar sadarwa ta gida kamar unguwa, rauta kuwa ita ce mai unguwa. Kowace na'ura da ta shigo, waya ce ko kwamfuta, tana da suna biyu. Na farko shi ne lambar MAC, wadda aka buga mata tun a masana'anta, ita ce kamar sunan yanka. Harufa da lambobi ne goma sha biyu, kuma shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera ta. Na Davis, alal misali, suna farawa da 00:1D:0A. Suna na biyu shi ne adireshin IP, wanda yake kamar lambar gida, kuma yana iya sakewa. A gidaje yawanci yakan fara da 192.168, domin tun 1994 aka keɓe wannan rukuni, tare da wasu biyu, don amfanin cikin gida kaɗai.

Hanya biyu ce na'ura ke samun lambar gidanta. Ko dai mai unguwa ya ba ta aro, bisa wani tsari da ake kira DHCP wanda aka fara aiki da shi a 1993, ko kuma mai ita ya rubuta mata lamba ta dindindin a cikinta. Kowace hanya da irin nata ciwon kai. Lambar aro tana iya sakewa duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Jiya na'urar tana 192.168.1.7, yau ta koma 192.168.1.12, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar jiya. Lambar dindindin ba ta sakewa, amma ran da aka sake mai unguwa, idan sabon ya zo da nasa tsarin lambobi, sai na'urar ta zama baƙuwa a gidansu, tana magana ba mai amsawa.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a tambayi rauta. Ana buɗe manhajar shiga intanet a kwamfuta, a rubuta adireshin rautar, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma ana samunsa rubuce a ƙarƙashin akwatin tare da kalmar sirri. A ciki akwai shafin da ke jera dukan na'urorin da ta ba lamba. Sai a nemi lambar MAC da ta yi daidai da wadda ke manne a jikin na'urar ajiye bayanai. Wanda ba shi da ikon shiga rauta yana iya sa wa wayarsa manhaja irin su Fing, wadda ke zagaya unguwar gida gida ta kawo sunayen mazauna. A kwamfuta kuma akwai umarnin arp -a, mai nuna na'urorin da kwamfutar ta yi hulɗa da su kwanan nan da lambobinsu biyu, da umarnin ping, wanda yake kamar yin sallama a ƙofa a ji ko za a amsa. Wasu kamfanoni sun sa maɓallin nema a cikin manhajarsu don wannan aiki.

Ɗalibin ya bi waɗannan hanyoyi duka bai ga komai ba. Rauta ta jera wayoyi da kwamfuta, babu akawu. Nan ya gane cewa lambar dindindin aka sa mata. Ya tambayi mahaifinsa ko wanda ya kafa tashar ya bar wata takarda, dattijon ya ce shi dai littafin ruwa ya sani. Abin da ya fisshe su shi ne manhajar kwamfutar kanta, domin a shafinta na saiti har yanzu tsohon adireshin yana nan rubuce, wanda take ta kira ba amsa. Ya fara da 192.168.0, sabuwar rauta kuwa tana raba lambobi masu farawa da 192.168.1. Bambancin lamba ɗaya tak, amma a wurin na'ura garuruwa biyu ne.

Maganin abin shi ne mutum ya bi ta can inda take. Ɗalibin ya shiga saitin kwamfutarsa ya ba ta lamba ta wucin gadi a tsohon tsarin, wadda ta fara da 192.168.0 amma ƙarshenta ya bambanta da na na'urar. Ya yi sallama, aka amsa. Akwai wata hanyar kuma, watau a umarci sabuwar rauta ta koma raba lambobi irin na tsohuwar, wannan ma yana aiki, har ya fi dacewa a ofishin da ke da na'urori da yawa masu lambar dindindin, kamar injin buga takardu da kyamarori.

A kwashe tukuna, sa'an nan a taɓa saiti

A nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Wanda ya sha wahalar nema, da ya ga na'ura ta amsa sai hannunsa ya kama ƙaiƙayin gyara. Ɗalibin bai taɓa komai ba sai da ya sa manhaja ta kwashe dukan layukan da ke ciki, ya kuma kwafe su a wuri na biyu. Dalili kuwa shi ne, a na'urar Davis, da zarar an sake tsawon lokacin da ke tsakanin layi da layi, duk abin da ke ajiye gogewa yake yi. Haka nan a wasu na'urorin, danna ɗan maɓallin nan da ke mayar da su yadda suka fito daga masana'anta yana iya tafiya da bayanai tare da saiti. Wannan maɓalli shi ne makami na ƙarshe, amma abin takaici shi ne wanda masu gyara na bakin titi suka fi saurin kai wa hannu.

Bayan kwashewa sai ya buɗe shafin saitin na'urar, ya cire mata lambar dindindin ya mayar da ita kan karɓar aro. Sa'an nan ya koma cikin rauta ya yi abin da ya kamata a yi tun farko, watau ya ɗaure lambar MAC ɗinta da adireshi guda, ta yadda kullum ta zo neman aro wannan lamba za a ba ta. Wannan dabara ta haɗa amfanin hanyoyin biyu. Lamba ba za ta yi yawo ba idan an ɗauke wuta, kuma ran da aka sake rauta na'urar za ta karɓi sabuwar lamba ta fito a jeri, ba za ta ɓuya ba. Daga nan ya rubuta sabon adireshin a manhajar kwamfuta. Akwai wata lamba kuma da ake tambaya a wurin, ta ƙofar da ake shiga. A na'urar WeatherLinkIP ta Davis ƙofar ita ce 22222, a ƙananan na'urorin Ecowitt kuwa 45000. Idan ba wani dalili, ba a taɓa ta.

Masu sababbin tasoshi da ke haɗuwa da rauta ba tare da waya ba, ta Wi-Fi, nasu ɓatan daban ne. Na'urarsu ta haddace sunan tsohuwar rauta da kalmar sirrinta, ba za ta shiga wata ba. Mafi sauƙin magani shi ne a raɗa wa sabuwar rauta sunan tsohuwar da kalmar sirrinta harafi da harafi, sai na'urar ta shigo da kanta tana zaton gida ne. Ban da wannan, galibin waɗannan na'urori zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, ba su jin na gigahaz 5 da sababbin rautoci ke alfahari da shi. Har wa yau, idan aka jona na'urar a sashen da rauta ta ware wa baƙi, za ta iya aikawa intanet amma kwamfutar gida ba za ta gan ta ba, domin an gina wannan sashe ne musamman don kada baƙo ya leƙa cikin gida. Wanda kuma ya ga na'ura ko kwamfuta ta ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, to, alama ce ta nemi mai unguwa ba ta same shi ba, ta raɗa wa kanta lamba.

Kurakuran da ba su yin ƙara

Tun da an buɗe saiti, ɗalibin ya bi sauran layukan ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ya fi gano adireshi muhimmanci, ko da yake ba shi da daɗin labari. Na'urar da ta ɓace kowa ya san ta ɓace. Wadda ke rubuta ƙarya cikin natsuwa ita ce abar tsoro.

Babban misali shi ne girman cokalin ruwa. Tasoshin da aka ƙera don kasuwar Amurka cokalinsu yana kifewa a kashi ɗaya cikin ɗari na inci, watau milimita 0.254, na sauran ƙasashe kuwa a milimita 0.2. Wasu tasoshin da ke shigowa nan na hannu ne, ko kuma tsaraba daga ɗan'uwa da ke waje, babu mai tambayar wane iri ne. Idan cokalin na 0.2 ne aka gaya wa allo na inci ne, lissafin ruwa zai haura gaskiya da kashi 27 cikin ɗari. Ruwan milimita 16 sai ya fito 20, a ce wa manomi damina ta faɗi alhali ƙasa ba ta jiƙu ba, iri ya ƙone a rami. In kuwa akasin haka ne, lissafin zai gaza da wajen kashi 21.

Sai agogo. Nijeriya da Nijar suna gaban agogon Girinwic da sa'a ɗaya duk shekara, ba su da al'adar nan ta Turai da Amurka ta tura agogo gaba da bazara. Tashar da aka bari a kan saitin ƙasar da ta fito za ta riƙa sake lokaci da kanta sau biyu a shekara, ta jefa ruwan daren Talata cikin Laraba. Sai kuma tsayin wuri daga teku. Nauyin iska yana raguwa da kimanin miliba ɗaya a kowane hawan mita 8, saboda haka a Zariya, wadda ta haura mita 600, ma'auni zai nuna wajen 940 maimakon 1,013 da aka sani a bakin teku. A Jos, mai tsayin fiye da mita 1,200, bambancin ya fi haka nesa. Sai an gaya wa allo tsayin wurin kafin adadinsa ya yi daidai da wanda ake ji daga filin jirgin sama.

Akwai kuma abin da saiti ba ya gyarawa. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950, ita ce a auna iska a tsayin mita 10 a fili, zafi kuma tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Gidaje kaɗan ne za su iya cika wannan, amma ko ba komai kada a kafa ma'aunin zafi a kan rufin kwano, kada kuma a sa mazurari a ƙarƙashin darbejiya. Ƙurar hunturu tana toshe mazurari, zanzaro yana gini a ƙarƙashin cokali, gizo-gizo yana ɗaure shi da yana. Wanke su kafin ruwan farko wajibi ne.

Abu na ƙarshe da ɗalibin ya yi a rauta shi ne sake kalmar sirrin da ta zo da ita daga kanti. Ba tsoron banza ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin masana'anta kawai, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuna a Amurka cikin watan Oktoba na shekarar. Ya kuma ƙi buɗe wa na'urar ƙofa daga waje. Mai son duniya ta ga awonsa ba ya bukatar haka, domin na'urar ita ke aikawa da kanta zuwa wurare irin su Weather Underground, wanda ya samo asali daga Jami'ar Mishigan a 1995 kuma yake tattara awon tasoshin gidaje daga ƙasashe da yawa. Da ya gama ya rubuta lambar MAC da adireshi da ƙofa a takarda, ya manna ta a bayan allo.

Da aka buɗe abin da aka kwaso, sai lissafi ya fito yadda ake tsoro. Kwana goma sha ɗaya aka yi, littafin akawu kuwa bai kai kwana tara ba. Fiye da kwana biyu na farko sun goge, kuma a cikinsu ne daren tsawar yake, watau ruwan da manoma suka fi tambaya a kansa. Dattijon ya yi shiru. Can sai ɗalibin ya tuna cewa allon kansa yana riƙe jimillar ruwan kowace rana ta kwana 24 da suka wuce, dabam da na'urar ajiya. Ya danna ya koma baya, ga adadin daren nan yana nan. Abin da ya tafi ba dawowa shi ne bayanin minti biyar biyar, wanda da shi ne za a san ko ruwan ya zuba ne a sa'a ɗaya ya gudu, ko ya kwana yana shiga ƙasa.

Ɗalibin ya ba da shawarar a mayar da rubutu kowane minti 30. Mahaifinsa bai yarda ba, ya ce rabin sa'a ya yi tsawo ga ruwan ƙasar nan da ke zuwa da fushi ya wuce. Suka daidaita a kan minti 10, wanda ke ba su kusan kwana 18. Dattijon ya kwafe adadin kwana biyun a littafinsa da jan biro, ya rubuta a gefe cewa daga allo aka ɗauko su, kuma ranar allo daga sha biyun dare take farawa, ba daga safiya ba kamar ta tsofaffin shafuka. Da la'asar ya sa aka fito da tsohon ma'aunin daga ɗakin shirgi, aka wanke kwalbar, aka kafa shi taku goma daga gindin ƙarfen.